Turken da Ya Karkata

Laraba, bayan magariba

Yau na kafa sabon layi. Turakun da muka saba ne, kai ja, gindi a fiƙe. Tun ina saurayi nake wannan aiki, amma yau guduma ta yi mini nauyi kamar ba tawa ba.

Ni ke kafa iyaka a mahaƙar kwal ɗin nan. Doka ta ce kafin cebur ya taɓa ƙasa sai an kewaye wurin da turaku, wanda ya tsaya a gindin ɗaya ya hango na gaba, kuma ba mai tuge su sai sufeton ma'aikata ya zo ya sallami filin. Ciki ƙasar da aka taɓa, waje ƙasar mutane. Motar haƙa da hannunta ya kai hasumiyar masallacinmu tsayi takan zo gaban sandar da ba ta wuce ƙuguna ba, ta tsaya cik. Har yau abin bai daina ba ni mamaki ba.

Shekaranjiya da hantsi bangon gabas na ramin ya sauko. Ban san yadda zan rubuta shi ba. Tudu guda, da gonaki a kansa, ya taso ya taho a hankali, babu gaggawa, ƙararsa a ƙirji ake jin ta kafin kunne. Ya haɗiye tsohon layina bai bar ko turke ɗaya ba. Na tsaya da gwangwanin fenti a hannu ina ta salati, ban ma san ina yi ba sai da aka girgiza ni.

An fito da mutum biyu daga gefe a ranar. Katafilar Hidayet tana can hawa na uku na ramin, ƙasa ta rufe ta da shi a ciki.

Hidayet ƙanena ne. Inna ta ɗora masa miyar tarhana, ta busasshen kindirmo da gari, a bayan murhu, ta ce kada kowa ya taɓa.

Alhamis, da azahar

Injiniya Nejdet Bey ya kira ni rumfarsa. Idanunsa jajur, shayinsa ya huce bai sha ba. Ya ce ƙasar ba ta gama tafiya ba, kuma ba zai tura ɗan kowa ƙarƙashinta ba sai ta tsaya. Mai na'urar awo daga birni yake zuwa, sau ɗaya a mako, shi kuwa yana son shaida kullum. Saboda haka turakuna za su yi aiki biyu, su tsare iyaka, su kuma ba da shaida.

Ga yadda za a yi. Kowace safiya idan rana ta fito, in bi layin bakin ramin da zare mai dalma. Turken da ya karkata wajen rami, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta motsa ke nan. In miƙar da shi, in take gindinsa, in bar shi zuwa gobe. Ranar da suka kwana uku a jere a miƙe, motoci za su shiga nema.

Ya ce kada in gaya wa kowa, ko a gida, don wanda nasa ke ƙarƙashin ƙasa ba abin da ba zai iya yi wa turke ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Durali Usta, in abin ya yi maka nauyi, sai in ba wani."

Na ce turakuna ne. Wa zai san karkatarsu in ba ni ba?

To ga shi nan. Ƙofar da za a bi a kai ga Hidayet a bakina take.

Juma'a, da hantsi

Sun motsa.

Asabar, da la'asar

Sun motsa, har na gefen arewa da na yi zaton suna kan ƙasa mai ƙarfi.

Bayan na gama na zauna a bakin layi ina kallon abin da ya sauko. Gonar tuffar Rustem Aga ta tafi da shi, kuma itace ɗaya ya sauka a tsaye. Yana can tsakiyar laka, da ciyawarsa a gindi, da guntun shingensa, kamar nan aka shuka shi. Mutum ba zai iya ɗauke itace haka da saiwarsa bai ji ciwo ba. Inda bangon ya ɓare kuwa kwal ya fito baƙi ƙirin, yana hayaƙi shi kaɗai ba wanda ya kunna shi. A samansa laka ce mai ruwan toka cike da bawon dodon koɗi, ƙanana farare, ba iyaka. Nejdet Bey ya taɓa ce mini nan tafki ne tun kafin a halicci mai kamun kifi. Na ɗauki bawo ɗaya a tafin hannu. Mu da muke zana wa wannan ƙasa iyaka da sanda da fenti.

Jandarma sun yarje wa mata su zo bakin layi bayan asuba su karanta Yasin, su koma kafin a fara aiki. Gulizar, matar Hidayet, tana cikinsu kullum. Inna ta ƙi. Ta ce ba ta zuwa karatu a kan wanda zai dawo cin abinci.

Litinin, da hantsi

Sun motsa. Ƙanƙarar kan duwatsu tana narkewa, ruwa ta ko'ina.

Talata, bayan azahar

Shaban Usta ya same ni ina fenti. Shi ke tuƙa babbar motar haƙa, kuma shi zai fara shiga ranar da aka buɗe hanya, ya riga ya gaya wa injiniya cewa duk wanda ya hau kujerarsa ranar za su raba hali. Tare suka yi soja da Hidayet. 'Ya'yansa biyar, duk mata, da tumbi kamar tulun ɗaki.

Ya ce, "Sarkin sanduna, yaushe za a bar maza su yi aiki? Ko sai sandunanka sun yi ganye?"

Na ce masa ai tumbinsa ne injiniya ke tsoro, kada ya hau gangaren ya ƙarasa shi. Ya yi dariya har da tari, sannan ya zauna kan gwangwanina ba izini. Ya ce Hidayet ya yi masa alkawarin rawa a bikin 'yarsa ta fari da kaka, kuma ba zai bari ya zille ba.  Ya kunna taba ya manta da ita har ta ƙona masa yatsa.

Bai san abin da nake aunawa ba. Ya ɗauka takarda ake jira daga ma'aikata, kamar yadda duk ƙauye suka ɗauka.

Alhamis, bayan magariba

Sun motsa, jiya ma haka.

Na raka Inna maƙabarta kamar kowace Alhamis. Ta zuba wa Baba ruwa da buta, ta cika ɗan kaskon tsuntsaye, ta cire ciyawa. A hanyar fita ta tsaya kan kabarin wani baƙo da ba mu ma san sunansa ba, allon kansa ya kwanta gefe. Ta miƙar da shi, ta take gindin da takalmin roba. Haka take tun muna yara, ba ta iya wuce allon kabari a karkace, wai abin kunya ne ga masu rai. Hidayet kan ce mata, "Inna, nawa hukumar maƙabarta ke biyanki?" ta jefe shi da takalmi. Yau ba wanda ya tsokane ta.

Liman ya zo gida da dabara, yana zagaye-zagaye kan ko za a yi sanarwar rasuwa daga hasumiya. Maƙwabta kuma sun kawo gari da man shanu don a soya helwa, alewar gari da ake rabawa sadakar mamaci. Inna ta ba shi shayi, ta mayar musu da garinsu har ƙofa. Miyar bayan murhu kullum sabuwa take dafawa, ta jiya ta ba kaji.

Gulizar kuwa in na shigo sai ta dubi hannuna, ko na riƙo wani abu na Hidayet.

Asabar, da hantsi

Sun motsa.

Lahadi, da hantsi

Itacen tuffar ya yi fure. Fari fat, shi kaɗai a tsakiyar wannan laka. Duk ƙauye sun fito kallo, tsofaffi suna ta tasbihi. Shamuwa ma sun dawo kan hasumiya. Sun motsa.

Litinin, da hantsi

Ba su motsa ba.

Na bi layin sau biyu. Zaren ya kwanta jikin kowane turke kamar an ja shi da alƙalami. Na zauna a ƙasa. Allah mai iko, tudun da ya yi mako biyu yana tafiya ya tsaya a dare ɗaya. Nejdet Bey ya zo ya auna uku da hannunsa, ya ce kada mu yi murna tukuna. Ni ban san ma ko murna ce ba. In an shiga, za a fito da wani abu, kuma sai an duba shi.

Talata, bayan isha'i

Ba su motsa ba. Saura gobe.

Injiniya ya sa an jera motoci a bakin hanyar sauka. Shaban ya wanke tasa kamar za a kai amarya, ya rataya ɗan dutsen tsarin ido a madubi.

Tsagar da ke bayan rumfar famfo kamar ta ƙara baki, amma ba a sa ni auna tsaga ba. Turaku aka ce.

Na biya gidan Inna. Ta yi fara'a yau, har ta ci abinci. A bakin ƙofa na ga takalminta na roba da laka mai ruwan toka. A ƙauyen nan ƙasarmu ja ce.

Ba zan yi tunani a kai ba.

Laraba, bayan la'asar

Ina idar da sallar asuba na fita, ban jira rana ba.

Gari ya fara haske. Mata suna zaune can gefe suna karatu ƙasa-ƙasa, jandarman yana gyangyaɗi a jikin motarsa. A kan layina kuwa ga wata 'yar tsohuwa da buta, tana bin turaku ɗaya bayan ɗaya. Ta kama kan turke da hannu biyu, ta ce bismillahi, ta miƙar da shi, ta take gindin da takalmi, ta zuba masa ruwa kaɗan, ta wuce na gaba. Na bayanta duk a tsaye suke kamar masu sahu. Na gabanta duk sun sunkuya wajen rami, sunkuyon da ban taɓa gani ba tun da na fara awon nan.

Na isa na ce, "Inna."

Ko firgita ba ta yi ba. Ta ce tun ranar da itacen ya yi fure zuciyarta ta ce ta zo, Gulizar ta kawo ta. Sannan ta hau ni da faɗa. "Kai wane irin yaya ne? Ƙanenka yana kwance a nan, ka bar masa alluna a karkace kamar wanda ba shi da kowa? Kullum sai na zo na gyara maka aikinka."

Yana kwance a nan. Yau ne ta fara faɗa da bakinta.

Ban hana ta ba. Na tsaya kamar gunki har ta kai ƙarshen layi, ta juye sauran ruwan, ta tafi da sauran mata. Rana ta fito a kan turaku miƙaƙƙu, ba wanda zai ce ga aibinsu. Jandarma bai gani ba. Matan sun gani, amma a wurinsu tsohuwa ce ta yi abin da ya kamata. Kalma huɗu kawai zan faɗa, ba su motsa ba, Shaban ya sauka, wataƙila kafin Juma'a Inna ta samu kabarin da za ta zuba wa ruwa na gaskiya, Gulizar ta daina duban hannuna. Wallahi na so in faɗa. Na so ƙwarai.

Nejdet Bey ya iso, ma'aikata a bayansa, mutanen ƙauye a bayan ma'aikata. Injin Shaban yana ta gurnani, ya leƙo ta taga yana ɗaga mini hula. Ƙaramar 'yarsa ce ta saƙa masa hular, ja da kore, ta yi masa kaɗan.

Injiniya ya dubi layin ya ce, "Yaya, Durali Usta?"

Na ce, "Sun motsa."

Ya sake duban turakun, ya dube ni. Dole na yi bayani a gaban kowa, wa ya miƙar da su, tun yaushe, da yadda na same su da asuba. Fuskar injiniya ta yi fari. Shaban ya diro yana rantsuwa zai shiga ko da izini ko babu, shi bai ga abin da ya karkata ba. Nejdet Bey ya hau motar da kansa ya zare mabuɗi ya sa a aljihu.

Gulizar ta ratso mutane ta tsaya a gabana. Ta ce, "Abi, yayanmu, da ka yi shiru mana." A hankali ta faɗa, ba ihu. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, da hantsi

An mayar da mata baya, an ja igiya. Sun motsa.

Juma'a, bayan masallaci

A gidan shayi na yi sallama, mutum biyu suka amsa. Wani ya ce wa na kusa da shi, yadda zan ji, akwai mai fifita sanda a kan jininsa. Shaban ya juya mini ƙeya.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. An yi mata bayanin zaren da dalmar, ta saurara, ta tambaya sau ɗaya ko da an shiga ranar Laraba wa zai fara sauka. Aka ce Shaban. Ta shiga ɗaki. 

Asabar, da hantsi

Sun motsa. Biyu sun faɗi da kansu.

Lahadi, da la'asar

Muna cin abincin rana cokula suka fara rawa a faranti.

Na fita ba takalmi. Daga bayan makaranta ana hango ramin duka. Ragowar bangon gabas ne, daga tsagar bayan rumfar famfo. Ya buɗe kamar an yanka burodi, ya jingina, ya tafi. Na ga layina yana tafiya a kansa, jajayen kawuna a jere, suna sauka tare ba wanda ya bar sahu, har ƙura ta rufe su. Shamuwa suka tashi gaba ɗaya. Karnuka suka yi tsit. Da ƙurar ta lafa babu itacen tuffa, babu hanyar sauka, babu inda aka shirya motoci za su tsaya su yi haƙa. Wani sabon tudu ne kwance a wurin, yana tururi, kamar tun farkon duniya yana nan.

Ba kowa a ciki. Na maimaita wa kaina wannan har ban san adadi ba. Ba kowa a ciki sai wanda dama yake ciki.

Na ji tsoron Allah yau irin wanda ban taɓa ji a masallaci ba. Maza suna tsaye a gefena baki buɗe, ba mai kallon wani. Can na ji hannu mai nauyi a kafaɗata. Shaban ne, hular nan a dunƙule a ɗaya hannun. 

Laraba, da azahar

Sufeton ma'aikata ya zo, ya zagaya da Nejdet Bey da mai na'ura. Sun ce gefen gabas ba za a sake haƙa shi ba. Za a rubuta shi kamar yadda ake rubuta maƙabarta, a ba shi tazararsa, mota ba ta ƙetarewa. Za a zuba ginshiƙan siminti da rani. Kafin nan, turakuna.

Na kafa layin yau, nesa da baki sosai, cikin gonar alkamar Rustem Aga. Wanda ya tsaya a gindin ɗaya yana hango na gaba. Ban taɓa kewaye fili mai girman wannan don mutum ɗaya ba. Hidayet da ko gado ba ya cikawa.

Alhamis, bayan magariba

Da safe na ji ƙamshin man shanu da gari tun daga lungu. Inna ce a gaban murhu tana juya helwa, Gulizar na riƙe mata tukunya. Bayan murhun ba komai. Liman ya hau hasumiya kafin azahar, ya faɗi sunan Hidayet, da sunan Baba. Na ji shi a tsaye a tsakar gida.

Shaban ya zo da 'ya'yansa biyar, suka sumbaci hannun Inna ɗaya bayan ɗaya suka kai goshi. Ta riƙe fuskar ƙaramar ta daɗe tana kallo. Gulizar ta miƙo mini faranti, ba ta dubi hannuna ba, fuskata ta duba.

Da la'asar Inna ta ɗauki buta ta ce in raka ta. Ba maƙabarta ta nufa ba. Muka ratsa alkama har sabon layi. Ta tambaye ni wanne ne ya fi kusa da shi, na nuna mata ɗaya da ke fuskantar inda hawa na uku yake a da. Ta zuba ruwa a gindinsa, ta ajiye ɗan kasko don tsuntsaye, ta karanta abin da za ta karanta.

Turken ya ɗan karkata. Kaɗan ne, ko zare ban kawo ba, amma idona ya gani, nata ma ya gani. Hannunta ya tafi da kansa, har yatsunta sun kusa taɓa jan fentin. Sai ta tsaya.

Ta ce, "Wannan na masu rai ne, ko?"

Na ce, "Na masu rai ne, Inna."

Ta mayar da hannun cikin mayafi, ta riƙe shi da ɗayan. Muka juyo gida muka bar shi a karkace.